Sugan Mama ya sauka amma ƙafafunta na kumbura, ko ƙoda ce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata ce take da ciwon suga kusan shekara 12, ga kuma hawan jini. Kwanan nan sugan nata ya sauka sosai, wani lokacin har jiri take ji da gumi, ita kuma tace warkewa tayi saboda wani jiƙo da take sha. Amma ƙafafunta suna kumbura kuma fitsarinta na kumfa. Wai dagaske suga yana taɓa ƙoda? Daga wata 'yar uwa a Kumo, jihar Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Eh dagaske ne, ciwon suga shine kan gaba a duniya wajen jawo gazawar ƙoda, kusan mutum 1 cikin 3 na manya masu suga ƙodarsu tana taɓuwa. Kuma gaskiya abinda kika faɗa ya dameni, dan Allah kar satin nan ya wuce baku kai ta asibiti ba.

Abinda yafi tayar min da hankali ma shine saukar sugan da Mama take murna dashi. Ƙoda tana cikin masu fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke suga, daga jini, haka wasu magungunan suga irinsu glibenclamide ta fitsari ragowarsu ke fita. Toh idan ƙoda tayi rauni sai maganin ya daɗe yana yawo a jiki yana aiki fiye da yadda aka tsara, sai kiga mutumin da shekara da shekaru sugansa baya jin magana kwatsam ya fara sauka har yana jiri da gumi da rawar jiki, 'yan uwa suce alhamdulillah an dace da magani, alhali ƙodar ce take ja da baya. Suga ƙasa da 70 a na'urar gwaji ta gida, ko 3.9 idan ɗaya ma'aunin ne, hatsari ne, yana iya sumar da mutum. In hakan ta faru kuma tana cikin hayyacinta a bata ruwa da suga ta sha nan take, sannan a nufi asibiti.

Yadda ɓarnar ke faruwa kuwa, kowace ƙoda tana da 'yan ƙananan matatai kusan miliyan 1, a rana ɗaya suna tace ruwan jini wajen lita 180, amma fitsarin da ke fita baifi lita 1 zuwa 2 ba, sauran duk komawa jiki yake. Suga mai yawa yana sa matatan nan aiki da ƙarfi fiye da kima, bangonsu yayi kauri ya lalace, kamar rariyar da idonta ya buɗe tana zubar da tsaki tare da gari. Sai furotin da ake kira albumin, wanda ya kamata ya zauna cikin jini, ya fara zuba cikin fitsari, shine kumfar da kike gani, irin wadda bata saurin bajewa. Hawan jini kuma yana ƙara wa abin gudu, ita ma ƙodar idan ta taɓu tana ƙara hawan jinin, kowanne na tura ɗan uwansa.

Duk wannan shekaru yake ɗauka kuma baya ciwo. Mutane da yawa suna jiran ciwon baya ko ciwon kwiɓi kafin suce ƙoda, wallahi ba haka take zuwa ba. Kumburin ƙafa da fuska da safe, kasala, ƙarancin jini, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya da rashin cin abinci, duk sai tafiya tayi nisa suke fitowa. Shiyasa mai suga nau'i na 2, wato irin wanda yafi kama manya, ake so a duba ƙodarsa tun ranar da aka gano ciwon, don mai yiwuwa ya daɗe dashi bai sani ba, sannan duk shekara. Mai nau'i na 1 kuma, wanda yafi farawa tun ƙuruciya, daga shekara 5 da ganowa.

Ban ce lallai ƙoda ce ba tunda ban duba ta ba, zuciya ma tana kawo kumburi, maganin hawan jini amlodipine shima yana kumbura ƙafa. Gwaji ne zai raba gardama. Ku nemi gwajin albumin na fitsari, a takarda zaki ga UACR, daga 30 zuwa sama alamar yoyo ce. Sai gwajin jini na kiriyatinin wanda dashi ake lissafa eGFR, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, ƙasa da 60 har tsawon wata 3 ciwon ƙoda ne mai daɗewa, ƙasa da 15 shine matakin ƙarshe. A haɗa da HbA1c, gwajin da ke nuna yadda suga ya kasance a watannin baya, a kuma duba idonta, saboda ƙananan jijiyoyin ido dana ƙoda tare suga yake cinsu. Babban asibitin Kumo zai iya fara dubata, in ana buƙatar likitan ƙoda akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, ko na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi.

Abinda ya riga ya mutu a ƙoda baya dawowa, amma ana iya rage gudun ciwon sosai, wasu har ƙarshen rayuwarsu basa kaiwa ga wankin ƙoda. Ana so hawan jini ya tsaya ƙasa da 130/80. Magungunan hawan jini lisinopril ko losartan suna rage yoyon furotin, magungunan suga dapagliflozin da empagliflozin suma an tabbatar suna kare ƙoda sai dai akwai tsada, kuma likita ne zai zaɓa bayan yaga gwaji. Maganin suga metformin kuma ana rage shi idan eGFR ya sauka ƙasa da 45, a daina a ƙasa da 30. Kar dai ku tsayar mata da magani da kanku.

Jiƙon nan ta ajiye shi. Nasan zancen da nauyi a gaya wa uwa, ki lallaɓa ta ko ki samu wanda take jin maganarsa, domin ba'a san me ke ciki ba ko yawansa, kuma ƙoda mai rauni ita zata sha wahalar fitar dashi. Haka diclofenac da ibuprofen da haɗin ciwon jiki da ake ƙullowa a kyamis, tsofaffinmu na shansu kullum saboda gwiwa kuma suna cin ƙoda. Gishiri kar ya wuce ƙaramin cokali 1 a rana, wato giram 5, kuma ki lissafa harda dunƙulen miya da kanwa da yajin da aka daka da dunƙule. Nama da wake da ruwan sha kuma kar ku yanke mata sai abinda likita yace, musamman a zafin Maris da Afrilu. Azumi ma, ko na nafila, ta dakata har sakamako ya fito.

Ranar zuwa ki zuba duk magungunanta a leda ɗaya harda gorar jiƙon, ki rubuta lambobin sugan da kuka gwada a gida da lokutan da jirin ke kamata, ki miƙa wa likita.