Amsa ga ɗan'uwan da aurensa ya mutu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tafiya kai kaɗai za ta rage maka zafin rabuwa da matarka, kuma ko mutum yana sake samun mai sonsa bayan saki. Ni dai na gwada.

Wata huɗu da mutuwar aurena, iddarta ma ta cika, na tayar da mota daga Kano bayan sallar asuba. Na bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, har Bauchi, daga nan na kama hanyar Gombe, na karkata a Dindima zuwa Yankari. Tsakanin Birnin Kudu da Ningi ne abin ya dame ni, domin babu wanda zan ɗora wa laifi a motar sai ni. Na tuna yadda nake shiru kwana uku in mun saɓa, ina kiran hakan haƙuri, alhali gaba ce. A gida 'yan'uwa kullum cewa suke ita ce mai laifi, ni kuma ina jin daɗin hakan.

Ruwan ɗumi na Wikki da ke cikin gandun dajin Yankari yana da daɗi, amma gogon biri ya sace min burodi, ka kula da kayanka.

Maganar soyayya kuwa, ba a hanya na same ta ba. Bayan shekara biyu yayata ta haɗa ni da wata bazawara mai 'ya'ya biyu, kuma ranar farko na faɗa mata halina na shiru. Ka duba tayoyinka, kada ka yi tafiyar dare.