Na ɗora dutse a kan regileta, hucin gas ya daina: shin an rabu da haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tukunyar gas ɗina mai kilo 12.5 ce. Tun ɗurin da aka yi mini na ƙarshe, da na maƙala regileta sai in ji tana huci, kicin ya ɗauki wari. Yaron da ya kawo tukunyar ya ce ba komai, in ɗora mata dutse. Na ɗora rabin bulo, hucin ya daina. Amma hankalina ya ƙi kwanciya, domin yarana a ɗakin da ke jikin kicin ɗin suke kwana. In ci gaba da girki a haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. A'a Hajiya, kada ki sake kunna wuta a kanta. Ki kashe regiletar, ki sauke bulon, ki zare ta daga kan tukunya, ki fitar da tukunyar tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da kwata da bakin rijiya. Bawul ɗin irin wannan tukunya, wato bakin da gas ke fitowa ta cikinsa, yana rufe kansa da zarar an cire regileta. In kin shafa masa kumfar sabulu kika ga kumfar tana hurowa bayan an cire, to bawul ɗin ne ya lalace, sai a mayar da ita wurin ɗuri.

Wannan maganar dutse ta zama ruwan dare. A cikin bakin bawul akwai wata 'yar baƙar roba zagayayya, ita ce ke rungume hancin regileta ta hana gas fita. Hucin da kika ji, galibi ɗaya ne daga abu uku: ko robar ta tsage ko ta faɗi wurin ɗuri, ko maƙallin regiletar ya cinye ba ya kama wuyan bawul, ko kuma tun asali girmansu bai zo ɗaya ba, domin akwai bawul mai milimita 20, akwai 21, akwai 22, ido kuma ba ya bambance su. Dutse bai gyara ko ɗaya a ciki ba. Ya danne ne kawai, ƙarar ta sauka ƙasa da abin da kunne ke ji, gas ɗin kuwa yana nan yana sulalowa.

Ki duba ƙarfin da ake so bulo ya tare. Abin da ke cikin tukunya yakan kai 2 zuwa 8 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", gwargwadon haɗin gas ɗin, a zafin watan Afrilu kuma ya wuce haka. Kukar girki, wato murhun gas, ba ta buƙatar fiye da miliba 28 zuwa 37, alhali miliba dubu ne ke yin "bar" ɗaya. Wurin da naki yake yoyo yana gabanin regileta ne, wato ɓangaren da ƙarfin bai ragu ba. Yaro ya zo ya ture bulon, ko a ja tukunyar wajen shara, regileta ta karkace, gas ya feso da cikakken ƙarfinsa alhali wuta na ci a gefe. Nauyin kansa ma yana ƙara murƙushe robar, yana cinye maƙallin, gobe sai an nemi dutsen da ya fi na yau.

Kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba ya tashi sama ya fice ta taga yadda hayaƙi ke yi. Kwanciya yake a ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya shiga ɗakin da yaran ke shimfiɗe a kan katifa. Da ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa: a kawo wuta firji ya tashi, ko a danna makunnin ƙwan lantarki da asuba. Hanci kuma yana sabawa da wari, wanda ya daɗe a ciki sai ya ɗauka ya tafi.

'Yan uwan dutse su ne ɗaure regileta da robar tayar babur da naɗe ta da leda. Ledar ta fi muni ta wani fannin. A jikin regileta akwai wani ɗan rami kamar na allura, ta nan fatar da ke ciki take numfashi tana daidaita ƙarfin gas. In aka toshe shi, aikin daidaitawar ya rikice. In kuma kumfa ta nuna gas na fita ta ramin, fatar ta huje, regiletar ta gama aiki. Ba a buɗe ta, ba a liƙe ta da gam, sauyawa ake yi. Mai gyaran da ya ce zai kwance ta ya miƙe sifirin don wuta ta ƙara ƙarfi, ki karɓe kayanki.

Gyaran gaskiya kuwa bai kai kuɗin ɗurin kilo ɗaya ba in robar ce. Ki aika da tukunyar tare da regiletar zuwa tashar ɗuri mai lasisi, a sa sabuwar roba, a gwada a gaban ɗan aikenki. In regileta za a saya, a nemi mai ƙaramin ƙarfi, wadda aka rubuta 28, 30 ko 37 a jikinta, da girman bawul ɗin. Mai murɗawa ta masu manyan murhun tuya ba ta kukar gida ba ce.

Wajen ɗaurawa, a tabbatar duk makunnan kuka a kashe suke, babu garwashi ko turaren wuta a kusa, tukunya kuma a tsaye. Tukunyar da aka kwantar ruwan gas take turawa cikin regileta, lita ɗaya kuwa tana zama iska wajen lita 250. Makunnin regileta na kashe, a ɗaga zoben ƙasanta, a zaunar da ita daidai a kan bawul, a danna zoben har ya ce ƙas. Sai a ɗan ja ta sama. In ta biyo hannu, ba ta kama ba. Tiyo ya zama na gas, ba na ruwa ba, kada ya wuce mita ɗaya da rabi, da kilif mai noti a kowane baki. Waya ko zare suna yanka shi. A lanƙwasa shi a duba, in ya nuna tsaga ko ya ƙandare a sauya, ko da shekarunsa ba su cika ba.

Daga nan a buɗe regileta, kuka na kashe, a shafa kumfar sabulu a wuyan bawul, jikin regileta da bakunan tiyo biyu, a jira minti ɗaya ana kallo. Da kumfa ake gwaji, ba da ashana ba. Ki riƙa yin haka duk lokacin da aka dawo daga ɗuri, tun mai kawowa bai bar ƙofar gida ba. In an gama girki, a fara kashe regileta, wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo, sannan a rufe kuka. Daren yau dai tukunyar ta kwana a waje, a buɗe ƙofar kicin da ta ɗakin yaran har warin ya fita sarai kafin a taɓa kowane makunni.