An ce min daimon ɗin VVS ne, mai dubawa ya ce SI1: zan iya sa a kama ta?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya daga Kano. Wata bakwai da suka wuce ta sayi zoben daimon a hannun wata mata mai safarar kaya daga Dubai, ƙawar yayarta ce ma, aka ce mata dutsen VVS ne, wato babbar daraja a ma'aunin tsabtar daimon, "tas yake ba ɗigon komai", aka haɗo mata da wani ɗan kati na shagon da aka ɗauko shi. Kwanan nan ta kai wa wani mai harkar gwal da duwatsu a Abuja, ya sa ɗan madubinsa ya leƙa ya ce akwai ɗigo-ɗigo a ciki, shi a ganinsa bai wuce SI1 ba, daraja da ke ƙasa sosai da VVS. Ta ce kwana biyun nan matar ta yi mata shiru, don haka tana so a kama ta a dawo mata da kuɗinta cif.

Hajiya sannu da haƙuri. Ban ga zoben ba, ban ga katin ba, ban kuma ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, don haka abin da zan faɗa a kan bayaninki kaɗai ya tsaya, kuma zai iya canzawa in takardu suka nuna wani abu daban.

Inda nake ganin lissafinki ya karkace shi ne kin ɗauki daimon kamar gwal. Gwal in aka ce miki 21 ne ya fito 18, akwai gwaji, akwai sikeli, magana ta ƙare. Tsabtar daimon kuwa mutum ne yake zama ya leƙa dutsen da madubi mai ƙara girma sau goma, ya faɗi ra'ayinsa bisa wani ma'auni. Ma'aunin da kusan kowa yake bi na cibiyar GIA ce ta Amurka, wadda aka kafa a 1931 ta fito da tsarin a 1953, kuma matakai 11 ne. FL shi ne wanda ba a ga komai ba ciki da waje, IF ciki tas sai ɗan tabo a fata, sai VVS1 da VVS2, sai VS1 da VS2, sai SI1 da SI2, sai I1 zuwa I3 inda galibi ido ma yana gani. Toh kin ga VVS ɗin kanta ba ta nufin babu komai. Tana nufin akwai, amma ƙanƙane ne ƙwarai har ƙwararre sai ya sha wuya kafin ya gano. Dutsen da ya samu a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomita 150 ko fiye, cikin zafi da matsi, da wuya ya fito ba ɗan wani abu a cikinsa, ko ƙwayar wani ma'adini da ta maƙale, ko 'yar tsaga mai kama da gashin tsuntsu, ko ƙananan ɗigo da suka taru kamar hazo. Ganin ɗigo bai nuna jabu ba ne, sau da yawa ma shi ne shaidar cewa na ƙasa ne.

Mai dubawa kuma ba ƙirga kawai yake ba, yana kallon girman abin da yawansa da irinsa da yadda ya fito fili, da kuma inda ya zauna. Ɗigo baƙi guda ɗaya a tsakiyar fuskar dutsen ya fi sauke daraja a kan farare biyu da suka ɓuya a gefe. Shi ya sa ƙwararru biyu za su iya saɓawa da mataki ɗaya kuma 'yan harkar ba sa ɗaukar hakan a bakin komai. Ita kanta takardar GIA tana faɗa cewa ba garanti ba ce, ba kuma ƙiyasin farashi ba.

Sannan mutumin Abuja, ban raina shi ba, amma a cikin zobe ya duba dutsen. Ɗakunan gwaji na gaske a cire suke dubawa, a wanke, saboda ƙarfen da ya riƙe dutsen yana ɓoye wani abu, man shafawa da sabulun wata bakwai kuma suna nuna abin da babu. Maganarsa ta baki ce, bai rubuta ba bai sa hannu ba. In muka je kotu da ita lauyan wancan ɓangaren ba zai ɗau minti biyar ba zai wargaza ta, ya ƙara da tambayar wa ya san ko an canza dutsen a hanya, ko ya bugu a hannunki, don daimon duk taurinsa yana ɓantarewa.

Wannan ba yana nufin ba ki da haƙƙi ba. Daga VVS zuwa SI1 aƙalla mataki uku ne, ya wuce saɓanin ido, kuma bambancin kuɗi ne mai yawa. In har an tabbatar, dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada, wadda wasu jihohi suka sake rubuta tasu a kanta, ta ce a sashe na 13 kayan da aka sayar da siffantawa dole su dace da siffar. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ita ma ta hana yaudarar mai saye da bayanin da ba haka ba, kuma ana iya kai ƙorafi hukumar kare masu saye, wato FCCPC. A fiƙihu ma akwai zaɓin mayar da kaya in aka samu aibi ko aka rasa siffar da aka shardanta, in kotun shari'a kika fi so. Amma duk waɗannan ƙofofi da sharaɗinsu.

Na farko, me aka faɗa kuma a ina? In a WhatsApp ta rubuta miki VVS ko ta yi miki boyis, kar ki goge, kar ki sayar da wayar, kotu tana karɓa in an cika ƙa'idar sashe na 84 na dokar shaida. In kuwa "mai kyau ne wallahi, irin na manyan mata" kawai ta ce, wannan yabon kaya ne na 'yan kasuwa, ba a gina ƙara a kansa. Na biyu, saye kika yi a hannunta ko sautu kika ba ta? Ba ki fayyace ba kuma nan ne komai zai iya juyawa. In sautu ne, ita wakiliya ce, wanda ya sayar miki shagon Dubai ne, sai dai a tambaye ta ko ta yi sakaci ko ta ci riba a ɓoye. Kai ƙarar shagon wata ƙasa daga Kano kuma, kuɗin zai iya cinye zoben. Na uku shi ne wanda ba za ki so ji ba, wata bakwai. Sashe na 35 na dokar cinikin kayan yana ɗaukar wanda ya riƙe kaya ya wuce lokacin da ya dace bai ce ya ƙi ba a matsayin ya karɓa. Ana iya cewa aibin ɓoyayye ne kuma da kika gano kika yi magana, hujja ce, zan iya yin ta, amma ba zan miki alkawarin alƙali zai karɓa ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a ba ki bambancin farashi tsakanin abin da aka ce da abin da aka ba ki, zoben ya zauna a hannunki.

Batun 'yan sanda kuwa ki ajiye shi. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Kafin ya zama zamba sai an nuna ta san ƙarya ce tun farko, kuma bisa bayaninki yana yiwuwa ita ma abin da mai shago ya faɗa mata ta maimaita. In kika sa aka tsare ta, ita za ta iya kai ki babbar kotu kan tauye haƙƙi, ki koma ke ake bi. Haka in kika ɗora hotonta a sitatus ko Facebook da sunan 'yar damfara. Ban ce ta kyauta ba fa. Mai sayar da dutse na miliyoyi da ɗan katin shago, ba takardar ɗakin gwaji, tana faɗin VVS kamar sunan atamfa, ta ɗauko abin da ya fi ƙarfin saninta, kuma shirun da kika ce ta yi miki kwana biyun nan ba ya taimakonta.

Ki daina saka zoben daga yau. Ki duba katin ko akwai sunan wani sanannen ɗakin gwaji kamar GIA ko IGI ko HRD da lambar rahoto. In akwai, ana shigar da lambar a shafinsu na intanet a ga ko bayanin ya dace, kuma sau da yawa an zana lambar da leza a ƙugun dutsen, mai madubi zai karanto miki. In babu, mai yiwuwa dutsen bai taɓa samun daraja daga wani mai zaman kansa ba, sai ku yarda ku biyu a rubuce kan wurin da za a kai, a cire shi a gaban wakilinta, a auna nauyi a ɗau hoto. A nan ne kuma za a duba ko na ƙasa ne ko na masana'anta, da ko an cike tsagarsa da wani abu mai kama da gilas don ta ɓuya. In ɗayan waɗannan ya fito kuma ba a faɗa miki ba, maganar ta canza gaba ɗaya, ki dawo mu sake zama.

Daga nan takardar neman haƙƙi daga lauya, a ba ta kwana 14, kamar yadda aka saba. Amma tunda ƙawar yayarki ce, ni da ke ce da yayar zan fara, a zauna da wani babba da kowa ke jin nauyinsa, in ya ƙi akwai cibiyar sulhu ta babbar kotun Kano, wadda yarjejeniyarta in alƙali ya sa hannu tana da ƙarfin hukunci. Ki shiga da abu biyu a hannu, ko ta koma da zoben Dubai a tafiyarta ta gaba a canzo wanda yake da takardar gwaji, ko ta biya bambancin ko da kashi-kashi ne, kuma kuɗin gwajin ya hau kan wanda sakamakon ya ƙaryata. Kafin nan ki turo min hoton katin gaba da baya, da shaidar tiransifa, da duk hirarku tun daga ranar da ta fara turo miki hoton zoben.