Amsa ga Kawu kan tsawon jirgin kaya

Kawu, barka da war haka. Ka ce abin ya ɗaure maka kai: ku a Kano kuna ɗokin a kammala layin dogon Kaduna da na Maraɗi, mu kuwa Hausawan Shikago muna sa hannu a takardar neman a rage wa jirgi tsawo. Wallahi ba ƙin jirgi muke ba.

Jirgin kaya a Amurka ba irin wanda ya riƙa kwasar gyaɗa daga Kano zuwa Ikko ba ne. Kamfanoni kan jona tarago 150 ko fiye, wani tsawonsa har mil uku, don su rage kuɗin ma'aikata. In ya tsaya a mahaɗar titi, ya raba unguwa biyu ke nan. Motar asibiti ta jira, 'yan kwana-kwana su jira. Shi ya sa ranar Juma'a mutanenmu kan fita da wuri, duk wanda ya riga ganin jirgi ya tare hanya sai ya sanar a zauren WhatsApp, kada wani ya rasa huɗuba. Abin da ya fi tayar mana da hankali yara ne. A Hammond ta jihar Indiyana, nan kusa da mu, an ɗauki hoton 'yan makaranta suna rarrafawa ta ƙarƙashin taragu don kada su makara. Tun daga nan iyaye mata suka tsara kai yara bi da bi.

Ga kuma haɗari. Ranar 3 ga Fabrairun 2023 jirgi mai tarago kusan 150 ya kauce daga layi a East Palestine ta jihar Ohayo, ɗauke da sinadarai masu guba, sai da aka kwashe mutane daga gidajensu.

Ka tambaya me ya hana gwamnonin jihohi su tsawatar. A 1945 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Arizona da ta hana jirgin kaya wuce tarago 70, ta ce tana tauye kasuwanci tsakanin jihohi. Don haka ido na kan tarayya, wadda a 2024 ta wajabta ma'aikata biyu a yawancin jirage, amma ba ta ƙayyade tsawo ba. Nan in ba ka rubuta ƙorafi ba, kamar ba ka da shi ne. Shi ya sa muke rubuta wa 'yan majalisarmu.

Don Allah Kawu, in ka samu masu aikin layin, ka tambayar mini ko inda zai ratsa unguwanni za a yi gadar masu tafiya a ƙasa. A gaishe da Inna da yara.