Ku Tambayi Manomi: In Sayar da Riɗina Yanzu Ko In Jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina noma fadan talatin (fadan ɗaya ya ɗan fi eka ɗaya) a kudu da Gadarif a gabashin Sudan, rabi riɗi rabi dawa. Riɗin ya shiga buhu, dawar ma ta kusa yanka. Abokaina na cewa in riƙe riɗin sai ya yi tsada, ƙanena kuma na so mu sayar da komai mu zuba kuɗin a tumaki saboda kasuwar Saudiyya. Ga bashin shail na wani ɗan kasuwa a wuyana. Ina mafita?

Daga wani manomi, Gadarif.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a amfanin. Bashin nan shi za ka fara sallama. Mai shail ya ba ka kuɗi a tsakiyar damina, ya yanka wa amfaninka farashi tun yana tsaye a gona, kuma ba ya yanka wa kansa asara. In ka bari ya ƙetara shekara, gonar baɗi ma tasa ce. Fitar da zakka, biya shi, abin da ya rage shi ne naka.

Sai ka daina yin lissafi da fam, kuɗin Sudan. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajarsa a yini guda, daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 bai daina gangarowa ba. Idan dillali ya ce maka farashin kintarin riɗi (ma'aunin nauyin da ake sayar da shi) ya ɗara na bara, ka tambaye shi jarkar man tarakta nawa kuɗin zai saya, buhun dawa nawa, ladan masu yanka mutum nawa. Sau da yawa za ka tarar kuɗin ya yi yawa a hannu, abin da yake saya kuwa ya ragu. Waɗanda suka ɓoye takardun 500 da 1000 a ƙarƙashin katifa sun ji a jikinsu da aka fara canjin kuɗi a Disambar 2024.

Riɗi kayan fita waje ne. Farashin da ake bugawa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif yana bin abin da masu saye a Sin da ƙasashen Larabawa suka yarda su biya, ga na Humera a Habasha da na Najeriya suna fitowa kusan lokaci ɗaya da namu. Ba ka da iko da ko ɗaya a ciki. A ɗaki kuma riɗi yana rage nauyi, ɓera na ci, danshi ya taɓa shi farinsa ya dushe, mai saye ya kama hannunka ya murza 'yan ƙwayoyi a tafinsa ya rage maka kuɗi. Ni dai da ni ne, sai in sayar da shi kashi biyu ko uku a cikin 'yan makonni, kuɗin kuma kada ya kwana: iri, mai da buhunan baɗi.

Dawa kuwa a riƙe ta. Tana arha da kaka, ta hau daga bazara zuwa tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ta bushe sosai, a sa ta a matmura, wato ramin ajiyar hatsi, ko a jera buhunan a kan katako nesa da bango. Ware abincin gidanka na shekara tukuna, da ɗan ƙari, domin zamanin nan baƙi masu gudun hijira ba sa sallama da sanarwa.

Batun ƙanenka, ba ƙarya ya yi ba, Saudiyya ce babbar mai sayen tumakinmu, ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin ake loda su zuwa Jidda. Amma ribar nan ta masu fitarwa ce, masu takardun rigakafi da wurin killacewa, kuma sun fi son manyan raguna irin Hamari da Kabbashi na Kordofan. Kai a hannun dillali za ka tsaya. Ƙofar ma tana rufuwa ba zato: a Oktoban 2019 Saudiyya ta dakatar da shigar dabbobin Sudan saboda zazzaɓin Rift Valley, masu kiwo suka rasa inda za su kai. Ga kuma lokaci. Babbar Sallar 2025 a farkon Yuni ta faɗo, kowace shekara tana ja baya da kwana goma sha ɗaya, wato kiwon duk a tsakiyar rani zai kasance, sa'ad da dusa da ambaz (tunkuzar da ke saura bayan an matse mai) da ruwa suka fi tsada.

Ku je ku ƙirga karan dawarku tun kafin a yanka. Raguna nawa zai ɗauka har Sallah ba tare da kun sayi abinci a kasuwa ba? In biyar ne, ku sayi biyar, ku yi musu allura, ku bar sauran kuɗin a dawa. Ka gaida min ƙanen naka, ka ce ya rubuto in bai gamsu ba.