Madubin hangen nesa: a wuya, a ƙirji ko a hannu?

Tambaya: Na sayi madubin hangen nesa mai lamba 10x50, ina zuwa da shi kallon tsuntsaye a dajin Lekki. Kafin awa guda wuyana ya ƙage. In cire igiyar in riƙa riƙe shi a hannu? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Malam, kada ka cire. Mai 10x50, wato mai kusanto da abu sau goma da gilashin gaba mai faɗin milimita 50, yakan kai giram 900 zuwa kilo guda, kuma igiyar da ake sakowa a kwali siririya ce, sai ta tara nauyin nan duka a kan ƙashin ƙeya. Ga shi in kana tafiya madubin yana lilo, yana bugun ƙirji, kowane taku wuya ne ke biya.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo: rage tsawon igiyar har madubin ya zauna a tsakiyar ƙirji, ba a kan cibiya ba. In za ka yi doguwar tafiya, zura hannu ɗaya ta cikin igiyar, ta gitta ƙirji kamar jakar 'yan makaranta, madubin ya koma ƙarƙashin hammata. Amma sai igiyar tana da tsawo, in ba haka ba ba zai kai ido ba sai ka zare hannun.

In za ka kashe kuɗi, nemi maɗaurin kafaɗu, wanda igiyoyinsa biyu ke gicciye a baya su riƙe madubin a gaba. Nauyin ya koma kafaɗu, lilon ya tsaya, hannu biyu sun huta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gadar sama ta Lekki Conservation Centre, mai tsawon mita 401, wadda take rawa ana tafiya a kanta, dole ka kama gefe da hannu bibbiyu. Ka duba robar igiyoyin maɗaurin kafin ka biya: in ta yi laushi da yawa, mai nauyi irin naka zai ja ta har ciki. Faffaɗar igiyar wuya mai soso ita ma tana sauƙaƙawa, sai dai a zafin Legas tana shan gumi, tana tsami in ba a wanke ta.

Tambaya: Nawa ƙarami ne, 8x25, amma igiyar tana harɗewa da hijabina. Zan iya yi babu ita? Daga wata mai karatu a Idi-Araba.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Hajiya. Irin wannan da wuya ya wuce giram 350. Ki sa masa 'yar igiyar hannu irin ta kyamara a ɗaya daga cikin kunnuwan da ake ɗaura masa igiya, ki riƙa zura ta a tsintsiyar hannu duk lokacin da kika fito da shi. In kin gama, ya koma gidansa kafin ya shiga jaka, domin makulli da tsabar kuɗi suna karce gilashi. A jirgin ruwan zuwa Tarkwa Bay ki ƙara masa leda, ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe.

Tambaya: Gadi nake yi a Apapa. Igiyar ta zame, madubin ya faɗi a siminti. Bai fashe ba, amma yanzu komai bibbiyu nake gani. Mene ne abin yi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu. A cikin kowane ɓangare akwai gilasai masu kusurwa da ke miƙe hoto. Faɗuwar ce ta gusar da ɗaya, shi ya sa idanun biyu ba sa haɗuwa wuri guda. Ka daina dagewa da kallo a haka, ciwon kai zai sa maka. Mai gyaran kyamara da ya san aikin yana iya daidaita shi, amma in mai araha ne, ka tambayi kuɗin gyara tukuna, don sau da yawa gara sabo.

Zamewar kuwa daga ɗauri take. Bakin igiya zai bi ta maɓallin roba, ya shiga kunnen madubin, ya dawo ya sake bi ta cikin maɓallin ta ƙarƙashi, sannan ya shige zoben da ke riƙe shi. Mutane da yawa a kunnen suke tsayawa su maƙale bakin a zobe kawai. Ka bar saura kamar santimita 4, ka ja da ƙarfi ka gwada. In igiyar mai santsi ce, kai wa shumeka ya yi mata ɗinki biyu. Ka riƙa duba daidai inda take gogar kunnen, nan take fara cinyewa.

Tunda a waje kake kwana, kusa da ruwa, kada ka rufe shi a gidansa da raɓa ko gumi a jiki. Danshin damina yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi kamar saƙar gizo, kuma in ta daɗe tana cin fentin gilashin. Goge shi, bar shi ya sha iska, sannan ka jefa masa ƙunshi biyu na 'yan ƙwayoyin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.