Tura Kuɗi Zuwa Asusun Ƙasar Waje: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato tura kuɗi daga asusun banki na wata ƙasa zuwa na wata. Na taƙaita su don wuri ya ishe mu, na kuma cire sunaye. Zan fara da wadda ta fi kowa shiga damuwa.

"Na tura kuɗin makarantar ɗana da ke karatu a Ingila ta bankina. Yau kwana shida ke nan, an cire kuɗin daga asusuna, makarantar kuma ta ce ba ta ga komai ba. Ko barci ba na iyawa. Shin sun ɓace ne?" In ji wata uwa.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya sa yaron ya gama lafiya. Da wuya ƙwarai kuɗin da aka tura ta banki su ɓace. Yawanci suna tsaye ne a wani wuri suna jiran a sa musu hannu.

Ga yadda abin yake tafiya. Bankinki ya aika saƙo ne ta hanyar SWIFT, wata ƙungiya da bankuna suka kafa a Beljiyam a 1973, wadda yau ta haɗa cibiyoyin kuɗi fiye da 11,000 a ƙasashe da yankuna sama da 200. Ita SWIFT ba ta riƙe kuɗin kowa, umarni kawai take kaiwa: a cire daga nan, a zuba can. Idan bankinki ba shi da hulɗa kai tsaye da bankin makarantar, dole umarnin ya bi ta hannun wani banki mai shiga tsakani, wani lokacin ma biyu, kowanne kuma sai ya duba sunaye da dalilin biyan kafin ya saki. Shi ya sa ake cewa a ba shi daga kwana ɗaya zuwa biyar na aiki. Ki cire ƙarshen mako daga cikin kwana shidan nan, ki cire ranar farko idan da yamma kika tura bayan an rufe aikin ranar, za ki ga ba a makara sosai ba tukuna.

Amma kada ki zauna jira kawai. Gobe da safe ki je reshenku, ki ce a ba ki takardar shaidar turawa da aka fi sani da MT103, a kuma nuna miki lambar bin sawu da ake kira UETR, mai haruffa da lambobi 36. Da wannan lambar ma'aikacin banki zai iya ganin bankin da kuɗin suka tsaya. Ki aika wa ofishin kuɗin makarantar kwafin takardar. Sannan ki duba abu ɗaya: kin rubuta lambar ɗalibi ta yaron a wurin bayanin biya? Sau da yawa kuɗi sun riga sun shiga asusun makaranta, sai dai ba a san na wane ne ba a cikin dubban ɗalibai. Idan haka ne, saƙon imel guda ɗaya ya warware matsalar. Ki sake rubuto mini in ji yadda aka ƙare.

"Yayana ya turo mini dala 1,000, amma dala 965 suka shigo. Bankina ne ya ci, ko nasa?"

Ƙanena, mai yiwuwa bankin da ke tsakani ne ya ɗebi kuɗin aikinsa, naka ma ya ɗan taɓa. A takardar turawa akwai zaɓi uku. OUR na nufin mai turawa ya ɗauki duk cajin. SHA na nufin kowa ya biya na ɓangarensa, wato shi ya biya bankinsa, sauran kuma a cire daga cikin kuɗin. BEN na nufin duka a kanka. Ga alama SHA yayanka ya zaɓa. Idan kyauta ce ya yi maka, ka gode masa ka bar maganar. Idan kuwa biya ne da dole ya cika cif, kamar kuɗin makaranta ko na asibiti, to nan gaba ya zaɓi OUR, ya kuma tambayi bankinsa ko sun tabbatar masa ba za a taɓa ko sisi a hanya ba.

"Na ga tallar wata manhaja da ta ce tura kuɗi ƙasar waje kyauta ne, babu caji ko kaɗan. Duk wata ina tura wa iyalina. In koma can?"

Malam, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke biyan ma'aikata, yake biyan haya, yake biyan kuɗin tallar da ka gani, a ina kake zaton yake samun riba? A farashin canji yake samunta. Kowace turawa da ta haɗa kuɗin ƙasashe biyu tana da caji iri biyu. Akwai wanda aka rubuta ƙarara, akwai kuma wanda aka ɓoye cikin farashin da aka canja maka. Na biyun ne ya fi cin mutane, domin ba ya fitowa a rasit.

Akwai farashin da bankuna ke sayar wa junansu da kuɗi, wanda za ka gani idan ka rubuta sunan kuɗin biyu a Google. Shi ne ma'auninka. Duk abin da aka ba ka ƙasa da shi, bambancin ya shiga aljihun kamfanin da ya canja maka. Mu ɗauki misali kawai don lissafi ya fito. A ce dala ɗaya tana daidai da yuro 0.90 a wannan ma'auni, kai kuma za ka tura dala 2,000, wato yuro 1,800 ke nan. Kamfani na farko ya ce babu caji, amma ya canja maka a 0.87, iyalinka suka karɓi yuro 1,740. Na biyu ya cire dala 15 a fili, ya canja sauran a 0.90, suka karɓi yuro 1,786 da ɗoriya. Wanda ya ce kyauta ne ya ci maka yuro 60, wanda ya faɗi cajinsa ya ci abin da bai kai 14 ba. Ka ninka bambancin sau goma sha biyu, tunda ka ce duk wata kake turawa, ka ga abin da ke zurarewa a shekara ba tare da ka sani ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mutumin da zai ɓata rabin awa yana ciniki a kan takalmi, shi ne zai danna "tura" a kan guminsa na wata guda ba tare da ya kalli farashin canjin ba. Wannan sakaci ne, kuma bai kamaci mai nema wa iyali ba. Waɗannan kuɗi da sanyin asuba aka fita nemansu, a ƙasar mutane, nesa da 'ya'ya. Minti biyar na kwatantawa bai yi yawa a kansu ba.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne a duniya. Bankin Duniya yana bin diddigin tsadar tura kuɗi, kuma shekara da shekaru matsakaicin abin da ake cira a kan tura dala 200 yana sama da kashi 6 cikin ɗari. Turawa zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ta fi ko'ina tsada, kuma a cikin hanyoyin turawa bankuna ne suka fi cin kuɗi, sama da kashi 10 cikin ɗari a kan irin wannan ƙaramin adadi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin a sauko da tsadar ƙasa da kashi 3 cikin ɗari kafin 2030, har yanzu kuwa da sauran tafiya. A Amurka tun 2013 doka ta tilasta wa masu wannan sana'a su nuna wa mai turawa farashin canji da caji da ainihin abin da zai isa hannun mai karɓa kafin ya biya. Da kamfanonin suna faɗa da kansu, ai ba sai an yi doka ba.

Saboda haka tambaya ɗaya ce tak za ka riƙe: idan na ba ku kaza, nawa zai shiga asusun iyalina, a kuɗinsu? Ka sa adadi iri ɗaya a wurare uku, bankinka da kamfanoni biyu masu lasisi, a cikin awa ɗaya domin farashi yana motsi, ka kwatanta lambar ƙarshe. Ba zan ce maka wane ne ya fi ba, domin wanda ya fi araha tsakanin waɗannan ƙasashe biyu yana iya zama mafi tsada tsakanin wasu biyun. Western Union, MoneyGram, Wise, Remitly, duk sanannu ne, kuma duk sai ka gwada su da wannan ma'auni.

Ka kula da wasu tarkuna kuma. Akwai farashin jan hankali da ake ba sabon shiga a turawar farko, daga ta biyu sai a koma gidan jiya, don haka kada ka yanke hukunci da turawa ɗaya. Akwai canji sau biyu, inda za a mayar da kuɗinka dala, daga dala kuma a mayar da su kuɗin ƙasar mai karɓa, a yanke ka a kowane mataki. Ka tambayi iyalinka da wane kuɗi aka buɗe asusunsu kafin ka zaɓi abin da za ka tura. Wasu kamfanoni suna ƙara riba a ƙarshen mako saboda kasuwar canji a rufe take. Idan kuma cajin bankinka tsayayye ne komai ƙanƙantar kuɗin, to tura kaɗan-kaɗan sau huɗu a wata asara ce, gara ka tara ka tura sau ɗaya. Manhajar da ka gani kuwa, kafin komai ka nemi sunanta a jerin masu lasisi na hukumar da ke kula da harkar kuɗi a ƙasar da kake zaune. In babu sunanta, ka goge ta daga wayarka ko da farashinta ya fi na kowa.

"Zan tura kuɗi Amurka, na ce a ba ni IBAN, mai karɓar ya ce ba shi da ita. Ɓoye mini yake yi?"

A'a, gaskiyarsa ce. Amurka ba ta amfani da IBAN, wato lambar asusu ta tsarin ƙasa da ƙasa, haka ma Kanada. Ya ba ka lambar asusu, da lambar banki mai lamba 9 wadda ake amfani da ita wajen karɓar kuɗin da aka turo daga banki zuwa banki, da lambar SWIFT ta bankin, mai haruffa 8 ko 11. IBAN ta ƙasashen Turai ce da yawancin ƙasashen Larabawa da wasu. Ta Ingila tana farawa da GB, ta Jamus da DE, kowacce haruffa da lambobi 22. Ka kwafo ta yadda take, kada ka rubuta da ka. Sunan mai asusu kuma ya zama daidai da wanda banki ya sani, ban da laƙabi.

"Wani da muka haɗu a Facebook ya ce zai riƙa turo kuɗi asusuna daga waje, in cire kashi 10 cikin ɗari in tura sauran inda ya ce. Akwai matsala?"

Haba ɗan'uwa, wannan har sai ka tambaya? Mutumin da ba ka taɓa gani ba, me ya hana shi amfani da nasa asusun? Kuɗin sata ne ko na damfara yake son wankewa, sunanka kuma shi ne zai fito a takarda ranar da masu kuɗin suka kai ƙara. Halatta kuɗin haram laifi ne a kusan kowace ƙasa, kuma "ban sani ba" ba ta cika fid da mutum ba. Za a rufe asusunka, a neme ka da kuɗin da ka riga ka tura, shi kuwa ya goge shafinsa. Ka toshe shi yau. Idan ka riga ka ba shi lambar asusu, ka sanar da bankinka a rubuce.

"Shekara uku ina sayen kaya daga wani kamfani a ƙasar Sin. Jiya suka aiko da imel cewa sun canja banki, in biya sabon asusu a wata ƙasa dabam, kuma in hanzarta don kada kayan su rasa jirgi. Sa hannun da tambarin duk nasu ne."

Alhaji, na gode wa Allah da ka tambaya kafin ka biya. Kada ka tura ko kwabo tukuna. Wannan ita ce siffar wata damfara da ke cin 'yan kasuwa sosai a duniya. Ɓarayi sukan kutsa cikin akwatin imel na kamfani, ko naka, su zauna shiru suna karanta hirarku har lokacin biya ya zo, sannan su aiko da takarda mai tambari na gaske da lambar asusu tasu. Wani lokaci harafi ɗaya kawai suke canjawa a adireshin imel ɗin. Alamomi uku sun haɗu a wasiƙarka: sabon asusu, ƙasa dabam da inda kamfanin yake, da kuma gaggawa.

Ka kira mutumin da ka saba hulɗa da shi a tsohuwar lambar da ke wayarka. Kada ka kira lambar da ke cikin sabon saƙon, kada kuma ka tambaya ta hanyar amsa imel ɗin, domin ɓarawon ne zai amsa maka da "e, mu ne". In da hali ku yi kiran bidiyo, ya karanto maka lambar asusun da bakinsa. Ka duba ko sunan mai sabon asusun ya yi daidai da sunan kamfanin da ke kan kwantiraginku. Idan sunan mutum ne ko na wani kamfani dabam, ka tsaya nan. Ko da sun tabbatar, ka fara tura ɗan kaɗan, sai sun ce ya shiga sannan ka cika.

Ina matsa maka ne saboda kuɗin da suka tsallaka iyaka suka shiga asusu ba sa dawowa da umarnin bankinka kaɗai. Iyakar abin da bankinka zai yi shi ne ya roƙi wancan bankin ya mayar, ɓarayi kuwa sukan kwashe cikin 'yan awanni. Duk wanda ya riga ya faɗa irin wannan, ya kira bankinsa nan take ya nemi a janye turawar, ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya adana kowane saƙo. Kai kuma, Alhaji, ka canja kalmar sirrin imel ɗinka a daren nan, ka kunna tsarin da ke aiko da lamba ta waya kafin a shiga, sannan ka gaya wa abokan cinikin naka su binciki nasu akwatin.